Tsuntsun da aka hana harbi: muhawara a kan littafin Harper Lee

Malam Habu:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Yau ce ranar da muka ajiye don To Kill a Mockingbird. Wanda bai kai ƙarshe ba ya yi mana haƙuri, domin ba yadda za a yi a tattauna wannan littafi ba a taɓo ƙarshensa ba.

Ga waɗanda suka shigo kwanan nan: Harper Lee 'yar garin Monroeville ce a jihar Alabama ta kudancin Amurka. Littafin ya fito a 1960, ya ci kyautar Pulitzer a 1961, aka yi fim ɗinsa a 1962. Amma labarin kansa a tsakanin 1933 da 1935 ya faru, lokacin da tattalin arzikin Amurka ya durƙushe, a wani ƙagaggen gari mai suna Maycomb. Yarinya ce ke ba da labarin, Scout, tana dab da cika shekara 6 sa'ad da aka fara. Tana da wa, Jem, wanda ya girme ta da shekara 4. Uwarsu ta rasu. Ubansu Atticus Finch lauya ne, alƙali ya ɗora masa kare wani baƙar fata, Tom Robinson, da aka yi wa sharrin fyaɗe ga 'yar fararen fata.

Sunan littafin daga babi na 10 ya fito. An saya wa yaran bindigar harbin tsuntsu, uban ya ce su harbi gwangwani, in ma sun koma kan tsuntsaye to akwai waɗanda ya yarje musu, amma kashe wannan tsuntsu guda, mockingbird, zunubi ne. Maƙwabciyarsu Miss Maudie ta yi wa Scout bayani cewa tsuntsun ba ya cin shukar kowa, ba ya sheƙa a rumbun kowa, waƙa kawai yake yi wa mutane.

Ga abin da nake so mu fara da shi. Turawa kalma ɗaya suke amfani da ita wajen faɗin jigon littafin nan, mu kuwa a Hausa abu biyu ne. Akwai rashin laifi, wato mutum bai aikata abin da ake tuhumarsa da shi ba. Akwai kuma ƙuruciya, farar zuciyar yaron da bai san muguntar duniya ba tukuna. Wanne daga ciki tsuntsun nan yake wakilta? Kuma wane ne tsuntsun?

Nafisa:
Wa alaikumus salam Malam. Ni dai yadda aka koya mana a aji, tsuntsayen biyu ne, Tom Robinson da Boo Radley, maƙwabcin su Scout da ba ya fitowa daga gida. Kuma ita marubuciyar ba ta ɓoye ba. Bayan an kashe Tom a gidan yari, mai jaridar garin, Mista Underwood, ya yi sharhi yana kamanta kisan da yadda maharba da yara ke karkashe tsuntsaye masu waƙa ba gaira ba dalili. Can a ƙarshe kuma, da shugaban 'yan sandan yankin ya ƙi yarda a fito da Boo gaban jama'a, Scout da bakinta ta ce fito da shi tamkar harbin tsuntsun ne. Su biyun ba su cuci kowa ba, taimako ma suka yi, shi ya jawo musu. Don haka ni a ganina rashin laifi ake nufi.

Barista Auwal:
Nafisa, abin da kika faɗa haka yake a littafin, ba gardama. Amma ni daidai nan ne littafin yake min ciwo, kuma zan faɗa ko da wasu za su ji ba daɗi.

Tom Robinson magidanci ne, shekararsa 25, da matarsa Helen da 'ya'ya uku. Yana aikin gona da hannu ɗaya, domin injin gurzar auduga ya lalata masa hannun hagu tun yana yaro. Wannan mutum ne za a ce masa tsuntsu? A ajin adabi, in aka ba ɗan Adam siffar dabba, dabbantarwa ake ce masa. Ko da kyakkyawar niyya aka yi, an rage wa mutum wani abu. Kuma ku duba dalilin da aka bayar na hana kashe tsuntsun: ba ya ɓarna, kuma yana yi mana waƙa. To in da yana ɓarna fa? In da Tom mafaɗaci ne, mai ɗaga wa Turawa murya, wanda ba ya cire hula in ya gan su, shi ke nan sai ya halatta a rataye shi a kan laifin da bai yi ba?

A kotu ba ruwanmu da ko wanda ake tuhuma mutumin kirki ne. Abin da ake tambaya shi ne: ya aikata ko bai aikata ba? Hujjar kuwa a fili take. Dukan da aka yi wa Mayella, yarinyar da aka ce an yi wa fyaɗen, a ɓangaren dama na fuskarta yake, wato mai dukan da hagu ya yi. Tom ba shi da hagun. Ubanta Bob Ewell kuwa Atticus ya sa shi ya rubuta sunansa a gaban kowa, aka ga bahago ne. Ko likita ba a kira ya duba yarinyar ba. Wannan ya ishi a sallami Tom ko da shi ne mafi munin hali a Maycomb. Amma sai marubuciyar ta ga dole ta mai da shi salihi, marar baki, kafin mai karatu ya tausaya masa. Wannan ya nuna min waɗanda aka rubuta littafin dominsu.

Hajiya Rabi:
Barista, na karanta maganarka sau biyu, kuma akwai gaskiya a ciki. Amma bari in kawo wani abu daga ƙuruciyarmu, wataƙila ya sauya inda muke kallo.

A garinmu akwai wata babbar tsamiya a bakin masallaci da shamuwa ke sheƙa a kanta duk shekara. Da an gan su sun iso, manya sai su ce damina ta kusa, a fara gyaran gona. Yayyena maza kowa da danƙonsa a wuya, aljihu cike da tsakuwa. Kurciya, ɓera, ƙadangare, ba abin da suka bari. Amma shamuwa ba a taɓa ta. Ranar da wani yayana ya ɗaga danƙo ya saita sheƙar, kakanmu bai yi masa tsawa ba. Hannu kawai ya miƙa, yaron ya ajiye masa danƙon a tafi, ya sa a aljihun rigarsa, sai bayan sati ya mayar masa. Ni ina tsaye riƙe da tulu ina kallo.

Da na girma na gane wannan doka ba don shamuwa kaɗai aka yi ta ba. Don yaron da ke riƙe da danƙo aka yi ta. Ana koya masa cewa iya harbi ba shi ne izinin harbi ba. To haka na karanci maganar Atticus. Ga wa ya faɗe ta? Ga 'ya'yan fararen fata guda biyu da aka damƙa wa bindiga, waɗanda gobe su ne za su zauna a kujerar masu yanke hukunci, su ne alƙalai, su ne 'yan sanda. Ba Tom ake wa bayani ba, Tom ya san shi mutum ne. Mai bindigar ake ja wa kunne, da harshen da yaro ɗan shekara goma zai fahimta.

Barista Auwal:
Hajiya, na yarda da hakan in dai a bakin uba ne yana magana da yara. Amma Mista Underwood ba yaro ba ne, kuma manya yake rubuta wa.

Hajiya Rabi:
Haka ne ɗana. Amma Scout ta faɗa mana ya rubuta sharhin ne da sauƙi yadda ko yara za su gane. Ni ina ganin ya san irin manyan da yake magana da su.

Malam Habu:
Hajiya ta taɓo wani abu da nake so a tsaya a kai. Babin da aka yi maganar tsuntsu, shi ne dai babin mahaukacin kare. Wannan ba haɗuwar banza ba ce.

Yaran suna jin kunyar ubansu. Ya kusa hamsin, yana sa tabarau, ba ya farauta, ba ya wasan ƙwallo, sai karatu. Sai ga kare ya haukace a watan Fabrairu yana tangaɗi a kan titinsu. Calpurnia mai yi musu girki ta buga waya ta sanar, ta ruga gidan Radley ta faɗa musu, kowa ya rufe ƙofa. Shugaban 'yan sanda, Heck Tate, ya miƙa wa Atticus bindiga ya ce shi ba zai iya ba daga wannan nisa. Atticus ya tura tabaransa goshi, ya zamo, ya yar da shi ƙasa, ya yi harbi ɗaya, karen ya faɗi. Nan yaran suka ji cewa a samartakarsa ba wanda ya kai shi iya harbi a yankin, ya ajiye bindiga ne don kansa.

Ku lura da abu guda. Sa'ad da ake jiran karen, Scout ta ce titin ya yi tsit, har tsuntsayen sun yi shiru. Can a kotu kuma, da dare ya yi ana jiran masu yanke hukunci su dawo, sai ta ce yanayin ya tuna mata da waccan safiya ta Fabrairu. Wato a wurinta ciwon da ya kama karen shi ne ya kama garin. Bambancin kawai, a kotu ubanta ya fita ne da bindigar da ba harsashi, kuma ya san haka tun kafin ya fita. Masu yanke hukuncin mutum 12 ne, dukkansu maza, dukkansu farare.

Nafisa:
Malam, wallahi ban haɗa waɗannan biyun ba sai yanzu. Zan koma in duba.

Amma tunda kun raba mana kalmar gida biyu, na koma tunani, kuma ina ganin na yi gaggawa ɗazu. Wurin da ya fi taɓa ni a littafin ba kotu ba ne, kogon bishiyar nan ne ta gidan Radley.

Yaran sun taso ana ce musu Boo dodo ne: yana cin ɗanyen nama, yana leƙen tagogi da dare, ya taɓa caka wa ubansa almakashi a ƙafa. Sai suka fara tsintar abubuwa a kogon bishiyar da ke gefen gidan. Cingam, tsofaffin kwabbai guda biyu da aka goge suna sheƙi, ƙullin zare, wata tsohuwar lambar yabo, agogon aljihu da ya lalace. Sannan 'yan mutum-mutumi biyu da aka sassaƙa da sabulu, namiji da mace, har da irin gashin Jem da irin gashin Scout. Mutumin da bai fita ba shekara da shekaru, yana zaune bayan taga yana kallonsu har ya haddace kamanninsu.

Suka rubuta takardar godiya. Da safe suka je sakawa, suka tarar wan Boo, Nathan, ya cike kogon da siminti. Ya ce wai bishiyar ce ke mutuwa. Jem ya tambayi ubansa, uban ya ce ganyenta shar yake, ba alamar ciwo. Ranar Jem ya tsaya a baranda har duhu ya yi, da ya shigo Scout ta ga alamar ya yi kuka, ta yi mamakin yadda ba ta ji shi ba.

Ita ba ta gane ba. Shi ya gane. Ya gane wane ne ke ajiye kayan, ya gane babba ya dube shi ya yi masa ƙarya, ya kuma gane akwai wanda zai toshe wa ɗan'uwansa 'yar ƙofa ɗaya tak da ta rage masa. Ni a nan nake ganin ƙuruciyar Jem ta fara tsagewa, tun kafin a zo shari'a. In haka ne, ashe shi ma tsuntsu ne. Kuma sunan gidansu, Finch, ai sunan wani ɗan tsuntsu ne a Turanci.

Isufu Damagaram:
Salamu alaikum. Ni da Faransanci na karanta shi, sunansa a can Ne tirez pas sur l'oiseau moqueur, wato kada ku harbi tsuntsun. Ina bin muhawarar tun safe, kuma ina bayan Barista a wani ɓangare.

Abin ya tuna min da L'Enfant noir na Camara Laye, ɗan ƙasar Gini, da ya fito a 1953. Shi ma labarin tasowar yaro ne, da maƙerar ubansa a Kurusa, da ɗan baƙin macijin nan da uwarsa ta hana shi kashewa. Kun ga ko a can akwai abin da ake ce wa yaro kada ka kashe. Da littafin ya fito, Mongo Beti na Kamaru ya soke shi, ya ce ta yaya za a rubuta Gini ta wancan zamani ba a ga zaluncin mulkin mallaka ba? Idon yaro yana da daɗi, amma yana iya zama mafaka ga marubuci. Abin da yaro bai gani ba, ba dole a faɗe shi ba.

Haka nake ji game da Harper Lee. Ta rubuta littafin a shekarun 1950. A 1955 aka kashe Emmett Till a Mississippi, yaro ɗan shekara 14, aka sallami waɗanda suka kashe shi. A ƙarshen wannan shekarar baƙaƙen fata na Montgomery, a jiharta ta Alabama, suka ƙaurace wa motocin bas har sama da shekara guda. Mutane ne da suka tashi da ƙafafunsu. Amma a littafinta sai ta koma baya shekara ashirin, baƙaƙen fata suna zaune a benen kotu, suna miƙewa tsaye don girmama lauya farar fata, washegari su cika masa kicin da abinci. Sau ɗaya kawai muka shiga duniyarsu, ranar da Calpurnia ta kai yaran cocinsu, inda aka rufe ƙofa aka ce ba mai fita sai an tara dala 10 ga matar Tom. A nan ne wata mata, Lula, ta tambayi dalilin kawo 'ya'yan Turawa cocinsu. Ita kaɗai ce cikinsu ta nuna irin wannan fushi a dukkan littafin, kuma nan take aka kawar da ita.

Sai dai in yi mata adalci a wuri ɗaya. Taron matan coci a gidan Atticus, inda suke zubar da hawaye a kan wata ƙabilar Afirka da ba su taɓa gani ba, alhali suna zagin masu yi musu aiki a gida, kuma a daidai wannan lokaci ake shigowa da labarin mutuwar Tom. Wanda ya rubuta wannan shafi ya san munafuncin mutanensa sarai.

Maman Ilham:
Ni ban yi karatun adabi ba, ɗinki nake yi, da dare nake karantawa a waya. Amma Malam Isufu, ni ban ga idon yarinyar a matsayin mafaka ba. Na ga shi ne ma ke tona asiri.

Ku tuna daren da mutane suka zo ƙofar kurkuku da motoci huɗu don su ɗauke Tom. Atticus na zaune shi kaɗai a kan kujera da fitila da jarida. Yarinya 'yar shekara 8 ta kutsa tsakiyarsu, ba ta ma san abin da ya kawo su ba. Ta hango Mista Cunningham, wanda ke biyan ubanta kuɗin aikin lauya da itacen girki da kayan gona saboda ba shi da kuɗi. Ta gaishe shi, ta ce ajinsu ɗaya da ɗansa Walter, ta ce ya gaishe shi. Mutumin ya yi shiru, can ya tsuguna ya dafa kafaɗarta ya ce zai faɗa masa, ya ce wa sauran su tafi.

Da babba ne ya yi wannan magana da sun ce dabara ce. Ita da gaske take gaisuwa. Ta kira mutum da sunansa a lokacin da ya ɓuya cikin taro, sai kunya ta kama shi. Haka kuma malamar makarantarsu da ke la'antar Hitila kan abin da yake yi wa Yahudawa a Jamus, alhali Scout ta ji ta a matakalar kotu tana cewa lokaci ya yi da za a koya wa baƙaƙen fata hankali. Yarinyar ta kasa haɗa biyun, ta je tana tambayar wanta. Tambayar tata ta fi min duk jawabin da ubanta ya yi a kotu.

Barista Auwal:
Maman Ilham, wannan wurin ni ma yana sa ni tsayawa duk sanda na zo kansa. Kuma an nuna wani daga dangin Cunningham ɗin ne ya jinkirta hukunci na sa'o'i a cikin mutum 12 ɗin. Amma mu kai zancen ƙarshe. Gaisuwar ta ceci Tom dare ɗaya. An same shi da laifi. An ce ya yi ƙoƙarin haura shingen gidan yari, aka zuba masa harsashi 17. Mutum mai hannu ɗaya.

Yanzu ku kwatanta da ɗaya tsuntsun. Boo ya kashe Bob Ewell da wuƙa don ya ceci yaran, kuma ya kyauta. Heck Tate ya tsaya kai da fata cewa Ewell faɗawa ya yi kan wuƙarsa, ba za a yi shari'a ba. Atticus, wanda duk rayuwarsa doka ce, ya sunkuyar da kai ya amince. To ga tsuntsaye biyu. Wanda bai yi komai ba doka ta bi ta kansa dalla-dalla ta kashe shi. Wanda ya yi kisa an lanƙwasa masa doka ya koma gida. Ɗaya baƙi ne, ɗaya fari. Ba na cewa a kama Boo. Ina cewa ashe a garin akwai masu ikon rufa wa mutum asiri in sun so.

Shi ya sa ban yi mamaki ba da Go Set a Watchman ya fito a 2015, wanda shi ne rubutun farko da ta miƙa wa masu ɗab'i a 1957. A ciki Scout ta girma, ta dawo daga New York, ta tarar da ubanta a taron masu adawa da haɗa farare da baƙaƙe. Masu karatu da yawa a Amurka sun ji kamar an yi musu rasuwa. Ni kuwa na ga wannan ita ce ƙuruciyar da ta fi wuyar rabuwa da mutum, ta ɗaukar ubanka ba ya kuskure.

Nafisa:
Yaya Barista, to Mayella fa? Ba wanda ya ambace ta sai a matsayin mai ƙarya. Shekararta 19, a bayan juji suke zaune, ita ke riƙe da ƙannenta, uban mashayi ne yana dukanta. A wannan ƙazamin tsakar gida akwai tukwane shida na jajayen furanni da take kula da su. Da Atticus ya tambaye ta ko tana da ƙawaye, ta ɗauka ba'a yake mata. Ni na kasa tsanarta, kuma na kasa yafe mata.

Barista Auwal:
Ƙanwata, nan kam ba ni da amsar da ta fi taki. Abin da ya kashe Tom ma ai tausayinta ne. Da mai gabatar da ƙara ya tambaye shi me ya sa yake mata aiki kyauta, ya ce tausayinta yake ji. Kotu ta ɗauki wannan a matsayin raini: baƙi ya ji tausayin fara. Kuma ki ga, tsuntsu ba ya jin tausayin mutum. Wannan amsa ta mutum ce, shi ya sa ba su iya jure ta ba.

Hajiya Rabi:
Wannan magana taka ta ƙarshe, Barista, ita ce ta fi zauna min cikin duk abin da aka faɗa yau, kuma na karɓe ta.

Akwai abin da ban yi niyyar faɗa ba, amma zancen Boo ya taso min da shi. A unguwarmu akwai wata tsohuwa da ke zaune ita kaɗai a wani gida da katangarsa ta zube rabi. Mayya muke ce mata. Ban san wanda ya fara ba, mun taso mun tarar ana faɗa. In za mu wuce ƙofarta sai mu ruga da gudu, masu ƙarfin hali su jefa dutse a kan kwanon ɗakinta. Ni ma na jefa, ba sau ɗaya ba.

Wata rana da yamma aka aike ni niƙa, hadari ya taso, na faɗi a daidai ƙofarta, garin ya zube a ƙasa, gwiwata ta fashe. Ta fito. Na kasa ko ihu. Ta ɗaga ni, ta wanke min ciwon da ruwan buta, ta yagi bakin tsohon zanenta ta ɗaure. Ta shiga ɗaki ta auno gari daga nata ta cika min kwanon, ta ce in tafi kada a yi min faɗa. Hannunta na rawa, duk jijiyoyi. Ban gaya wa kowa a gida ba, don tsoron a ce ta kama min kurwa. Ban kuma koma na gode mata ba. Ta rasu ina aji shida.

Da na zo inda Scout ta raka Boo gida, ta sa shi ya lanƙwasa hannu ta riƙe don duk mai leƙe ya ga kamar shi ne ke rakiyarta, ya shiga ya rufe ƙofa, ta ce ba ta sake ganinsa ba, sai na ajiye littafin. Ta lissafa abin da ya ba su, har da rayukansu, ta ce su ba su mayar masa da komai ba. Sannan ta juya ta tsaya a barandarsa, ta ga unguwarsu daga inda yake ganinta duk shekarun nan. Ni ban taɓa tsayawa a ƙofar tsohuwar nan na kalli hanyar da muke rugawa ba. Har yau in na yi sadaka ina sa ta a niyya. Allah ya jiƙanta.

Maman Ilham:
Amin Hajiya. Allah ya gafarta mata, ya yafe mana.

Isufu Damagaram:
Amin ya Allah.

Malam Habu:
Amin. Hajiya, mun gode da kika ba mu wannan.

Akwai abu ɗaya da nake ta jira wani ya ambata. Ku koma shafin farko. Littafin da karayar hannun Jem ya buɗe, yana dab da shekara 13, a daren da Ewell ya far musu suna dawowa daga bikin makaranta, Scout na cikin shigar cinyar alade da aka yi da waya, wadda ita ta tare mata wuƙar. Scout ta ce bayan ya warke, hannunsa na hagu ya ɗan fi na dama gajarta. Na hagu. A kotu kuma, da Tom ya miƙe, ta ce hannunsa na hagu ya gaza na dama da inci 12. Shi Jem ya warke har ya buga ƙwallo. Shi Tom, masu gadi sun ce da hannu biyu gare shi da ya haura.

Kuma a daren harin, kafin su wuce gidan Radley, tsuntsun nan yana kan bishiya cikin duhu yana ta kwaikwayon kukan wasu tsuntsaye, domin aikinsa ke nan, muryar wasu yake ara. Nafisa, ki duba babi na 28 ki kawo mana wurin gobe in Allah ya kai mu. Barista, kai kuma Mrs. Dubose, tsohuwar nan maƙwabciyarsu, da farin furen da ta aika wa Jem a cikin kwali bayan ta rasu, ina so in ji abin da za ka ce, don Jem wurgi ya yi da kwalin cikin wuta amma ya riƙe furen.